An Ɓoye Auta A Ɗakin Ajiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah Ya kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan da kika ce sanyin can yana tayar miki, Ya raya mana 'Yan Biyu, Ya ba babbarsu sa'ar jarabawar da take shiri. Mu nan muna nan. Inna tana tashi tana zama, idon hagun ne dai ya ƙara yin hazo, amma har yanzu ba ta yarda kowa ya zura mata zare a allura ba. Shagon ɗinkina yana tafiya, na ƙara keke ɗaya, kuma mun gyara rufin ɗakin tsakiya da yake yoyo tun kina nan. Da a da ne, a daidai nan zan rubuta miki cewa kowa lafiya lau, kamar yadda aka koya mana tun muna ƙanana. Yau ba zan rubuta haka ba, domin ba gaskiya ba ne, kuma wannan kalmar ce ta kusa kai mu ga rasa ƙaninmu.

Yaya, ranar da kika kira ni a waya kin faɗa mini maganganu masu zafi. Kin ce na zubar da mutuncin gidanmu a gaban taro, na kunyata babban yayanmu a idon duniya, kuma har yanzu ban daina rawar kan da nake yi tun ina yarinya ba. Kin ce shi ya ba ki labarin komai. Wallahi da kika kashe wayar sai da na zauna a bayan keken ɗinki na yi kuka, kukan takaici, har mai kawo mini gyaran riga ta juya ta tafi. Ban mayar miki da magana ba don na san halinmu ni da ke, idan muka fara a waya kowa ihu zai yi, ba mai jin wani. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ki karanta har ƙarshe, in kin gama kika ga har yanzu ni ce mai laifi, to ki sake kira ki zage ni, zan saurara.

Kin tuna filin nan da ke bayan layinmu, inda muke zuwa shanya? Yanzu katanga ce doguwa da bututun hayaƙi. Kamfani ne da ke sayen tsofaffin baturan mota, a fasa su, a zubar da ruwansu, a narka dalmar da ke ciki a sayar wa wasu manyan kamfanoni na ƙasashen waje. Idan suka kunna wuta, bakinka sai ka ji kamar ka tsotsi ƙarfe, kuma farin kaya ba ya shanyuwa a tsakar gida. A can Auta ya samu aiki, a ɓangaren fasa batir da gatari, daga baya aka mayar da shi bakin tukunyar narkawa. Shi kuma babban yayanmu kamfanin ya ɗauke shi ya zama mai shiga tsakaninsu da mutanen unguwa. Aka ba shi babur da riga mai tambari, tun daga nan sunansa ya ɓace, kowa Wakili yake ce masa, har Inna da ta haife shi. Ba na musu, mun ci albarkacin aikin nan nasu su biyun, kuma mun yi godiya.

Ciwon Auta a hankali ya shigo. Da farko ciwon ciki ne da ke murɗa shi har ya durƙusa. Sai mantuwa, a aike shi ya dawo ya tambayi me aka ce. Sai faɗa ba dalili, Autan da kika sani, wanda ko kaza ba ya iya korewa da tsawa. Daga nan hannun dama ya fara saki daga wuyan hannu. Yaron da ya ɗauki keken ɗinkina shi kaɗai ya hau da shi bene, yau kofin shayi yana rawa a hannunsa har ya zube masa a cinya. Ya je ɗakin maganin kamfanin, suka ba shi maganin ciwon kai suka ce gajiya ce. Ana nan sai wata safiya aka ce masa ya je gida ya huta, za a neme shi. Ba shi kaɗai ba, duk wanda jikinsa ya nuna alama an ba shi wannan hutun. Mu da wautarmu har muka ce kamfanin nan yana da tausayi. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Abin da ke tafe shi ne, masu sayen dalmar daga waje sun ce ba za su ƙara saye ba sai an turo masu bincike sun duba yadda aikin kamfanin yake taɓa haƙƙin mutane: lafiyar ma'aikata, iskar da maƙwabta ke shaƙa, ruwan da suke sha, da ko ana sauraron mai kuka. Sharaɗin kuwa a fili yake, duk wanda aka samu aikin ya cutar, dole kamfanin ya auna jininsa ya yi masa magani. To kin ga dabarar hutun. Ranar da masu binciken suka shiga kamfanin, ba marar lafiya ko ɗaya a ciki. An raba wa ma'aikata sababbin takalma da safar hannu, wani maƙwabcinmu ma ƙafar hagu biyu aka ba shi, haka ya yini yana ɗingishi yana murmushi. Tunda an cire Auta daga cikin masu aiki, hanya ɗaya ta rage masa: masu binciken sun ce za su shiga gidajen unguwa su ji daga bakin mutane. In sun gan shi, ya samu magani. In ba su gan shi ba, shi ke nan, ya zama ciwonsa ne na kansa.

Yanzu ki tambaye ni wa aka ba zaɓen gidajen da za a shiga. Wakili! An ba kura ajiyar nama. Ya zo ya ce gidanmu yana ciki, ni kuwa na yi ta murna ina cewa Allah Ya kawo wa Auta mafita. Aka yi wa zaure fenti, aka aro kujeru daga gidan mai shayi, ni da hannuna na ɗinka sababbin labule. Da safiyar ranar sai Wakili ya ce mini kamfani zai ba ni ɗinkin rigunan ma'aikata, in yi maza in je can ƙarshen gari in dubo yadi kafin wata ta riga ni. Na ɗauki jaka na fita da gudu. Ya san bakina, shi ya sa ya nesanta shi da gidan. Abin da ya biyo baya Amarya ce ta faɗa mini, matar Auta, wadda har yau muke kira Amarya ko da yake 'yarta ta fara tafiya da gudu. Tana faɗa tana kuka.

Ta ce ina fita, Wakili ya kira Inna gefe ya ce mata bai dace baƙi su ga Auta a wannan halin ba, hannu a sake, yawu yana zuba, yana magana ba kan gado. Ya tuna mata da dokar marigayi Baba, cewa a gidan nan baƙo ba ya ganin hawayenmu. Ke ma kin tuna ranar da shagon Baba ya ƙone ƙurmus, yadda ya sa farar riga ya zauna yana yi wa masu jaje dariya, mu kuma aka hana mu ko da shessheƙa. Da wannan ya kama Inna. Wakili da wani abokin aikinsa suka ɗauki Auta, suka kai shi ɗakin ajiyar da ke bayan madafa, suka shimfiɗa masa tabarma tsakanin buhun gawayi da tsofaffin bokitai, suka ja ƙofa. Wakili ya kunna rediyo a tsakar gida don kada a ji nishinsa. Yaya, ƙaninki, wanda kika goya a bayanki har zaninki ya tsufa, shi aka ajiye kusa da gawayi kamar fasasshen kwano.

Baƙin suka zo su uku, shugabarsu wata mace ce mai tabarau. Suka zauna a kujerun aro, aka ba su ruwan sanyi. Wakili ya zauna dab da Inna, gwiwarsa tana taɓa tata. Suka tambaye ta ko hayaƙi yana damunsu, ko akwai marar lafiya a gidan. Amarya ta ce Inna ta sunkuyar da kai ta ce lafiya lau, sai godiyar Allah. Suka rubuta. Aka fito da 'yar Auta, an yi mata wanka an sa mata rigar fita, suka ɗauke ta suna yaba wai yarinya mai natsuwa, ko motsi ba ta yi. Natsuwa! Yarinyar da a da sai an ɗaure ƙofa don kada ta fita titi, yanzu inda ka ajiye ta nan za ka dawo ka same ta. Suka ɗauki hoton labulena, suka yi godiya, suka tafi. Na dawo da yamma da samfurin yadi a hannu, na tarar ana goge wa Auta baƙin gawayi a gefen fuska.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar na yi wa Wakili tas, ban bar masa komai ba, har maƙwabta suka leƙo. Amma fushina bai tsaya a kansa ba. Su waɗannan masu binciken, da iliminsu da motarsu da takardunsu, wane irin bincike ne wannan? Ka zo duba ko mutum yana cutar da maƙwabtansa, sai ka ce shi ya nuna maka maƙwabcin da za ka tambaya? Ka zaunar da tsohuwa kusa da ɗanta da ke cin abinci a kamfanin, ka ce ta faɗi laifin kamfanin? Ko ni da ban yi karatu mai zurfi ba, idan mace ta zo awo da uwar mijinta, ba a gabanta nake tambayarta ko rigar ta matse ta ba. Ba wanda ya ce a kashe rediyon. Ba wanda ya tambayi ina ma'aikatan da suka daina zuwa aiki. Ba wanda ya ce bari in zaga bayan gida. Haƙƙin ɗan Adam da ake ta faɗa, in dai a zaure mai sabon fenti za a tsaya a neme shi, to har abada rahoto zai yi kyau mutane kuma suna ruɓewa a ɗakin ajiya.

Makonni suka wuce, cikin Auta yana ƙara murɗawa, hannun yana ƙara mutuwa. Wakili kullum cewa yake a yi haƙuri, manyan kamfanin sun yi masa alkawarin da zarar rahoto ya fita za a duba Auta a asirce. Sai aka kira taron unguwa a babban ɗakin makaranta don a karanta mana sakamako. Nan ne wurin da aka ce miki na yi abin kunya. Mai tabarau ta tashi ta karanta cewa a duk gidajen da suka shiga ba wanda ya koka da rashin lafiya. Aka yi tafi, don a lokacin ana raba lemo. Yaya, ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Na miƙe. Wakili ya yi mini alama da ido in zauna, da ya ga ban zauna ba ya ce wa mutane a yi mini uzuri, tun ina ƙarama kaina da zafi. Na ce eh da zafi, amma tambaya ɗaya gare ni: ranar da suka zo gidanmu, sun buɗe ƙofar da ke bayan madafa? Na ce ƙanina yana ciki a kwance lokacin da suke shan ruwan sanyi. Na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma na san gidajen da aka yi irin wannan ɓoyon, masu su suna zaune a ɗakin nan. Mata suna ta kallon ƙasa, amma ba wadda ta tashi ta tsaya tare da ni. Wannan shi ne duk abin kunyar da na yi, ban ƙara ba, ban rage ba.

Da aka watse, mai tabarau ta biyo ni har bakin titi. Gaskiya jikinta ya yi sanyi. Ta ce ba su san unguwar ba, shi ya sa suka dogara da kamfani ya nuna musu gidaje, kuma wannan kuskurensu ne. Na ce mata kuskuren nasu a jikin ƙanina yake kwance. Ta ce za ta dawo washegari ba tare da mutanen kamfani ba. Amma magana ba ta kwana a unguwarmu. Da sassafe sai ga Wakili, idanunsa jawur. Bai kula ni ba, wajen Inna ya nufa, ya durƙusa. Ya ce in wannan matar ta ga Auta, aikinsa ya tafi, yaransa za su bar makaranta, kuma za a ce gidanmu maƙaryata ne. Abin da ya karya mini zuciya shi ne Auta da kansa. Ya ji komai daga ɗaki, ya ce a mayar da shi wajen gawayin, ba ya so ya zama sanadin rabuwar yayansa da abincinsa. Na tare ƙofa na ce sai dai a bi ta kaina. Ya ce mini, da muryar nan tasa da ta koma ta tsoho, in yi wa Allah in matsa. Na matsa, Yaya. Ya dafa bango ya tafi da ƙafarsa, ya ja ƙofar da hannun hagu.

Matar ta zo ita da wani likita. Ta zauna a tabarma, don an mayar da kujerun aro. Wakili yana tsaye a bakin zaure. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta ɗaga mini hannu, irin ɗagawar da kika sani, na haɗiye. Matar ta gaishe ta, ta tambayi lafiyar gida. Inna ta ɗago kai ta ce ba lafiya. Tunda aka haife ni ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinta a gaban baƙo ba, ko ranar da aka fita da gawar Baba. Ta jawo sandarta ta miƙe, ta ƙi a kama ta, ta bi ta gaban Wakili ta wuce madafa, ta tura ƙofar ɗakin ajiyar da kanta. Ta ce wa matar ga ɗanta nan, a duba shi. Ta juya ta dubi Wakili ta ce da naƙuda iri ɗaya ta haife su, shi da wannan na kwance, kuma dokar mahaifinsu a kan kayan da suka ƙone ya yi ta, ba a kan ɗa ba. Wakili ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da rigar kamfanin.

An ɗebi jinin Auta da na Amarya da na yarinyar. Dalma ta yi yawa a jikinsu duka, ta Auta kuwa likitan da ya ga sakamakon sai da ya sake dubawa. Yanzu Auta yana asibiti, kamfanin ne ke ɗaukar nauyi, ba don Allah ba, don masu sayen kayansu sun tsaya. Da labari ya bazu, gidajen da matansu suka yi ta kallon ƙasa a taro su ma suka buɗe ƙofofinsu, an ce rahoton ma sabo za a rubuta. Yarinyar an fara mata magani, jiya har ta fasa mini kofi, ban taɓa murnar asara irin wannan ba. Cikin Auta ya lafa. Amma likita ya ce hannun da mantuwar ba zai yi mana alkawari ba, kuma da a zuwan farko aka gan shi, da abin bai kai haka ba. Wannan maganar ce take hana ni sukuni. Makonnin nan da aka ci da fenti da labule da lemo, daga hannun ƙaninmu aka cire su.

Wakili kuwa sun kore shi. Sun karɓe babur, sun ce shi ya yaudare su, wai su ba su san an ɓoye kowa ba. Ji rainin hankali! Wa ya ba marasa lafiya hutu? Wa ya sayi fentin? Sun yi amfani da shi sun yar kamar tsumman goge hannu, kuma wannan ma yana ƙona mini rai, don duk abin da ya yi, ɗan'uwa rabin jiki ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Har yau ba ya amsa gaisuwata. Amma kullum da safe, idan na isa asibiti, zan tarar da shi a bakin gado yana ba Auta abinci da cokali, yana goge masa baki. Ni ba na ce masa komai, shi ma ba ya ce mini, in ajiye kwano in koma shago.

To Yaya, kin ji mutuncin gidan da na zubar. Ba na neman ki aiko da komai, kuma ba na neman ki ba ni haƙuri. Abu ɗaya nake roƙo. Duk tsawon ciwon nan kina kira, kina tambaya, ana ce miki lafiya lau, ke ma kina rubutawa a ranki kamar yadda mai tabarau ta rubuta a takardarta. Daga yau kada ki ƙara karɓar wannan amsar daga bakin kowa a gidan nan, ko daga nawa. Ki tambaya mutum-mutum, ki ce sai kin ji muryarsa. Auta yana ta ambatonki, wani lokaci ya manta kin yi nisa ya ce a kira ki daga ɗaki. Idan kin kira, ki ce a ba shi. Ki daure ki yi masa magana a hankali, kada ki yi kuka ya ji. Ni zan riƙe masa wayar a kunne, don hannunsa ba ya iya riƙewa.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗaure gwiwar da tsumma mai ɗumi. Amarya tana gaisuwa, haka Gwaggo ta bayan kasuwa da Kawu mai gyaran agogo. Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan 'Yan Biyu, ki ce wa babbarsu ƙaramar uwarta tana yi mata addu'a. Ki kira Wakili ma, yana bukatar wanda zai tambaye shi lafiyarsa da gaske. Allah Ya ba Auta lafiya, Ya isar wa duk wanda aka cuta, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
ƙanwarki da kuke kira Barkono.